Bindiga a Ƙugu, Ƙuri'a a Hannu

Idan zaɓe ya ƙarato a Amurka, ƙungiyar masu bindiga ta NRA kan fitar da sakamakon 'yan takara tamkar na jarrabawar makaranta. Wanda ya daɗe yana kare muradunta a majalisa ya samu A da ƙari. Sabon shiga da bai taɓa riƙe muƙami ba, amma ya amsa takardar tambayoyinta yadda take so, ya samu AQ. Wanda ta ɗauka abokin gaba ya samu F. Akwai masu zaɓe da yawa, musamman a karkara da ƙananan garuruwa, da wannan harafi ɗaya ya ishe su: ba ruwansu da abin da mutum ya ce kan haraji ko kuɗin asibiti, in dai A ne ƙuri'arsu tasa ce. A ganina damuwar waɗannan mutane tana da tushe, mudun da suke awo da shi ne ya lanƙwashe. Yawancin dokokin da masu A suka kafa a jihohi cikin shekara 20 da suka wuce sun fi yi wa mai saurin fushi rana fiye da magidancin da burinsa kawai iyalinsa su kwana lafiya.

Tushen damuwar ya cancanci a faɗe shi filla-filla, domin masu adawa da bindiga sun saba tsallake shi. A 1999, a garin Castle Rock na jihar Kolorado, wata mata tana riƙe da takardar kotu da ta hana mijinta kusantarta da 'ya'yanta mata uku. Ya kwashe yaran da yamma, ta yi ta kiran 'yan sanda har tsakar dare, ana ce mata ta ƙara jira. Kafin gari ya waye ya kashe su duka. Da maganar ta kai Kotun Ƙoli a 2005, alƙalai 7 cikin 9 suka ce tsarin mulki bai ba ta haƙƙin tilasta wa 'yan sanda aiwatar da takardar ba. A Mayun 2022 kuma, a makarantar firamare ta Uvalde a Teksas, jami'an tsaro 376 ne suka taru, aka yi minti 77 kafin a kutsa ajin da maharin yake. Yara 19 da malamai 2 suka mutu. Mutumin da ke zaune a gonar da ofishin 'yan sanda mafi kusa yake nisan kilomita 40, idan ya ce zuwan hukuma ihu ne bayan hari, babu abin da za a ce masa sai dai a yi shiru.

Suna da gaskiya ta biyu, wadda ma ta fi ta farko ɗaci. Duk inda aka bar wa jami'i damar ya ba wanda ya ga dama lasisi, masu uwa a gindin murhu ne ke samu. A 1956, bayan an jefa bam a gidan Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, a Montgomery, ya nemi izinin ɗaukar bindiga, hukumomin Alabama suka hana shi. A 1967 Kalifoniya ta haramta yawo da bindiga mai harsashi a bainar jama'a, Ronald Reagan ya sa hannu yana gwamna, kuma kowa ya san matasan baƙar fata na ƙungiyar Black Panthers aka nufa. Jihar Niyok ta shafe sama da shekara 100 tana buƙatar mai neman izinin yawo da fistol ya nuna wani dalili na musamman da ya bambanta shi da sauran jama'a. Mai shagon lungu da aka yi wa fashi sau biyu sai a ce dalilinsa bai isa ba, attajiri da tauraron fim su samu. A 2016 aka bankaɗo badaƙalar cin hanci a sashen ba da lasisin bindiga na 'yan sandan birnin, wasu jami'ai suka amsa laifi. Da Kotun Ƙoli ta soke wannan sharaɗi a shari'ar Bruen a Yunin 2022, da rinjayen 6 da 3, ta yi daidai. Ƙa'ida a rubuta ta, duk wanda ya cika a ba shi, ko ɗan wane ne.

Tushen dokar jimla ɗaya ce tal, gyara na biyu ga tsarin mulki da aka amince da shi a 1791, wadda ta haɗa maganar rundunar sa-kai mai tsari da haƙƙin jama'a na mallakar makami a wuri guda. An shafe ƙarni biyu ana jayayya ko haƙƙin na rundunar ne ko na mutum ɗaya. Sai a 2008, a shari'ar Heller, alƙalai 5 suka rinjayi 4 cewa na mutum ne, yana iya ajiye fistol a gidansa don kare kai. A 2010 shari'ar McDonald ta ɗora wannan kan jihohi da birane. Amma ko mai shari'a Scalia da ya rubuta hukuncin Heller ya ce haƙƙin yana da iyaka, kuma a 2024, a shari'ar Rahimi, alƙalai 8 cikin 9 suka tabbatar da ƙwace bindiga daga wanda kotu ta samu barazana ce ga matarsa ko abokiyar zamansa. Saboda haka ɗan takarar da ke cika baki cewa kowace doka kan bindiga take haƙƙi ce, ya wuce inda alƙalan da shugabannin jam'iyyarsa ta Republican suka naɗa suka tsaya.

Sayen bindiga a wurin dila mai lasisin tarayya ba shi da wahala. Mai saye zai nuna katin shaida na jiharsa mai hoto, ya cika fom mai lamba 4473, dila ya tura bayanan ga rumbun binciken hukumar bincike ta tarayya, FBI, da ake kira NICS, wanda ke aiki tun 1998. Amsa uku ce: a sayar, a dakata, ko a hana, kuma galibi cikin 'yan mintuna take zuwa. Doguwar bindiga sai mai shekara 18, fistol da libarba sai mai 21. Waɗanda aka haramta wa sun haɗa da wanda aka taɓa samu da laifin da ɗaurinsa zai iya wuce shekara ɗaya, wanda aka samu da laifin dukan iyali ko da ƙarami ne, wanda kotu ta tura asibitin ƙwaƙwalwa, sojan da aka kora da wulaƙanci, baƙon da ba shi da takardun zama, da mai shan miyagun ƙwayoyi. Saya wa wani da sunanka, alhali doka ta hana shi, na iya jawo ɗaurin shekara 15. ('Yan uwanmu mazauna Amurka su lura: mai katin zama na dindindin yana iya saye, amma ɗalibi ko baƙo mai bizar wucin gadi haramun ne gare shi sai da wasu 'yan keɓance-keɓance irin lasisin farauta. Kuma katin zama ba ya ba mutum damar jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya. Wanda ya kuskura ya jefa yana iya rasa zamansa gaba ɗaya.)

Tsarin yana yoyo ta wurare uku. Idan amsa ta zo a dakata kuma kwana uku na aiki suka wuce FBI ba ta gama ba, dila na da damar miƙa bindigar. Ta nan wanda ya kashe mutum 9 a cocin baƙar fata na Charleston a 2015 ya samu tasa. Na biyu, rumbun bai san abin da ba a zuba masa ba: wanda ya kashe mutum 26 a cocin Sutherland Springs a 2017 kotun soja ta riga ta same shi da laifin dukan iyalinsa, amma rundunar sojan sama ba ta tura bayanin ba. Na uku, a jihohi da yawa mutum yana iya sayar wa wani bindigarsa hannu da hannu ba tare da wani bincike ba. A Afrilun 2013, wata huɗu bayan kisan yara 20 da manya 6 a makarantar Sandy Hook, sanatoci biyu, Joe Manchin da Pat Toomey, dukansu masu makin A a lokacin, suka kawo ƙudurin toshe wani ɓangare na rami na uku, wato cinikin kasuwar baje kolin bindiga da na intanet. Ya samu ƙuri'a 54, ana buƙatar 60, ya mutu. Ƙudurin ba ya ƙwace bindigar kowa. Amma an shaida wa sanatoci cewa za a saka wannan ƙuri'a a lissafin maki, kuma wannan ya isa.

Inda aka fi yaudarar mai zaɓe shi ne kan ma'anar kare kai. A dandalin kamfe magana ɗaya ce: wanda ya zo maka da sharri, ka gama da shi. A kotu kuwa akwai sharuɗɗa, kuma ɗaya ya faɗi, duka sun faɗi. Kada ya zama kai ka tsokano rigimar. Haɗarin ya zama na yanzu-yanzu. Wanda ya ce gobe zai kashe ka maganinsa ofishin 'yan sanda, wanda ya mare ka jiya maganinsa kotu. Martanin ya dace da barazanar, wato ba a ɗaga bindiga sai ga abin da zai iya kisa ko mummunan rauni, da irin su fyaɗe da sace mutum. Tsoron naka kuma ya zama wanda mai hankali zai ji in yana tsaye inda kake, ya san abin da ka sani. Sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda jihohi suka rabu a kansa: ko wajibi ne ka ja da baya in akwai hanyar tsira ba tare da haɗari ba. A cikin gidanka kusan ko'ina ba a buƙatar ka gudu, wannan tsohuwar ƙa'ida ce da aka gada daga dokar Ingila. A kan titi kuwa, Niyok da Niyu Jasi da Masacusets da wasu tsiraru suna nan kan wajabcin ja da baya, fiye da rabin jihohi sun cire shi.

Sharaɗi na biyu ne ke cin mutane, domin haƙƙin harbi yana buɗewa ya rufe cikin daƙiƙa biyu ko uku. A Yulin 2018, a gaban wani shago a Clearwater ta Fulorida, wani mutum mai lasisi ya tsaya yana yi wa wata mata faɗa don ta ajiye mota a wurin naƙasassu. Abokin zamanta ya fito daga shagon ya hankaɗe shi har ƙasa. Yana zaune a ƙasa ya zaro fistol. Kyamarar shagon ta nuna wanda ya yi hankaɗar yana ja da baya, jikinsa ya soma juyawa, sannan harsashi ya same shi. Shugaban 'yan sandan gundumar ya ce dokar jihar ta hana shi kama mai harbin. Bayan 'yan makonni mai gabatar da ƙara ya ga akasin haka, a 2019 aka same shi da laifin kisa, aka ɗaure shi shekara 20. Da ya harba a lokacin da ake kansa, da wataƙila ya tsira a kotu. Takun baya da mamacin ya yi ne ya mayar da kare kai ramuwar gayya.

Sauran kura-kuran duk dangin wannan ne. Harbin gargaɗi, wanda mutane ke ɗauka tausayi ne, doka na kallonsa a matsayin amfani da makamin kisa, kuma mai gabatar da ƙara zai ce tunda ka samu sukunin harba bango, ashe ba ka ga mutuwa ba. Wata mata a Jacksonville da ta ce ta harba ne don ta tsorata mijin da ke dukanta, shekara 20 aka yanke mata a 2012. An soke hukuncin daga baya, amma sai 2015 ta fito daga kurkuku. Bin ɓarawo a guje bayan ya juya baya, nuna bindiga don a ci gardamar kan hanya, ɗaukar ta bayan an sha giya, harbi ta bayan ƙofa ba tare da ganin wanda ke waje ba, duk sun kai masu lasisi gidan yari. A Afrilun 2023 wani mutum a karkarar Niyok ya harbi motar wasu matasa da suka ɓata hanya suka shigo harabarsa, suna kan juyawa, ya kashe budurwa mai shekara 20. An yanke masa aƙalla shekara 25. Dukiya ita kaɗai ba ta halatta kisa a kusan duk jihohi, in ban da Teksas da ta yi wani sassauci mai sharuɗɗa kan sata da dare. Ko an wanke mutum ma, kuɗin lauya na kansa, kuma a wasu jihohin dangin mamaci na iya binsa diyya a wata kotun daban.

Dokar da Fulorida ta kafa a 2005, wadda ake kira ta tsaya-a-inda-kake, ita ce abin alfaharin masu makin A, NRA ce ta tsaya mata, jihohi da dama suka kwafa. Cire wajabcin ja da baya rabin aikinta ne kawai. Ɗaya rabin shi ne kariya daga gurfanarwa: wanda ake tuhuma na iya neman zama na musamman kafin shari'a, kuma tun gyaran 2017 nauyin kawo hujja bayyananniya cewa ba kare kai ba ne yana kan gwamnati. In ta kasa, shari'a ta mutu kafin masu taya alƙali yanke hukunci su ji ko kalma ɗaya. Binciken da aka buga a mujallar likitoci ta JAMA Internal Medicine ya gano kisan kai a Fulorida ya ƙaru da kusan kashi 24 cikin 100 bayan dokar, kisa da bindiga da kusan kashi 32. Cibiyar bincike ta RAND, wadda ba ta kowane ɓangare ba ce, ta tace nazarce-nazarce da yawa ta ce hujja mai ƙarfi na nuna irin waɗannan dokoki suna ƙara kisa da bindiga. Dalilin a fili yake. Tsohuwar ƙa'ida ba ta taɓa cewa ka juya wa wuƙa baya ba. Cewa ta yi ka kauce in kaucewar ba ta da haɗari. Wanda aka ritsa a lungu dama yana da kariya. Wanda sabuwar dokar ta ƙara wa wani abu shi ne mai hanyar wucewa da ya zaɓi ya tsaya.

Akwai kuma matsalar da ba a cika faɗa wa masu bindiga ba, cewa dokar na iya juyowa kansu. A Yulin 2020 a Austin, wani sajan na soja ya shigo da motarsa titin da ake zanga-zanga. Wani tsohon sojan sama da ke cikin masu zanga-zangar, rataye da doguwar bindiga kamar yadda dokar Teksas ta ba shi dama, ya matso kusa da motar. Sajan ya harbe shi ya ce ya ga an ɗaga masa bindiga. Shaidu suka musanta. An same shi da laifin kisa a 2023, aka ba shi shekara 25, a Mayun 2024 Gwamna Greg Abbott ya yafe masa yana kafa hujja da dokar tsayawa. Dukansu biyu masu bindiga ne bisa doka. In kowa na da makami, kowa kuma na da haƙƙin ƙin ja da baya, wanda ya riga taɓa kunama shi ke ba da labari.

Abu na biyu da 'yan takarar A ke tinƙaho da shi shi ne yawo da bindiga ba lasisi, wanda jihohi 29 suka amince da shi zuwa 2024. Kafin Satumbar 2021, mai son yawo da fistol a Teksas sai ya zauna aji awa 4 zuwa 6, ya yi rubutacciyar jarrabawa, ya ba da zanen yatsu, sannan ya harba harsashi 50 daga nisan yadi 3 da 7 da 15, ya ci kashi 70 cikin 100. Yini guda ke nan, kuma a wannan aji ne ake koya wa mutum sharuɗɗan da na zayyana a sama. An mayar da shi ganin dama duk da shugabannin 'yan sandan manyan biranen jihar sun roƙi kada a yi. Alhali harbi cikin firgici ba wasa ba ne: nazarin RAND kan 'yan sandan birnin Niyok daga 1998 zuwa 2006 ya nuna in ana musayar wuta, kashi 18 cikin 100 na harsasansu ne ke samun wanda aka nufa. A 2012, a gindin benen Empire State, 'yan sanda biyu sun harba harsashi 16 kan mutum ɗaya, masu wucewa 9 suka ji rauni. Ƙwararru ke nan. Bangon cikin gidajen Amurka kuwa allon farar ƙasa ne da harsashin fistol ke ratsawa ya kai ɗakin yara. Ɗaya ɓangaren, masu tsaurara dokar bindiga, su ma ba tsarkaka ba ne: bayan Bruen, Niyok ta sa awa 16 na aji da 2 na filin harbi, ga kuɗin fom na birnin dala 340, ga jerin wuraren da aka haramta mai tsawon gaske. Mai aikin leburanci ba zai iya ba. Wannan ma hana talaka ne da wani suna.

Ana samun ranar da farar hula mai bindiga ke ceton rayuka. A Yulin 2022, a wata kasuwar zamani a Greenwood ta Indiyana, wani saurayi mai shekara 22 ya kashe mahari cikin daƙiƙa 15 da fara harbi. Shekara guda kafin nan, a Arvada ta Kolorado, wani ya yi irin wannan jarumta, ya harbe wanda ya kashe ɗan sanda, ya ɗauki bindigar maharin, ɗan sandan da ya iso ya zaci shi ne ya kashe shi. Yawan irin wannan amfani na kare kai ma gardama ce: wani binciken wayar tarho na 1995 ya ce sau miliyan 2.5 a shekara, ƙididdigar gwamnati kan waɗanda aka yi wa laifi ta fi karkata ga dubu 60 zuwa dubu 100. Kowane ɓangare ya riƙe wanda ya yi masa daɗi.

Adadin da babu gardama a kansa shi ne na gawa. A 2021 bindiga ta kashe mutum 48,830 a Amurka; 20,958 kisan kai ne, 26,328 kuwa mutane ne suka kashe kansu. Fiye da rabi ke nan, kuma mafi yawansu maza ne, da yawa a jihohin karkara inda masu A ke lashe zaɓe ba hamayya. Mai yunƙurin halaka kansa da ƙwayoyi galibi ana ceto shi. Da bindiga, kusan 9 cikin 10 ba sa tashi. Ana ta kai ruwa rana kan doguwar bindigar AR-15, alhali alƙaluman FBI sun nuna dogayen bindigogi duka-duka kaso kaɗan ne na kisa, fistol ce ke yawancin ɓarnar. Dokar da RAND ta samu hujja mafi ƙarfi cewa tana ceton rai ita ce mafi rashin armashi a kamfe: hukunta wanda ya bar bindiga inda yaro zai kai hannu. Akwatin ƙarfe mai buɗewa da lamba ko zanen yatsa yana buɗewa cikin 'yan daƙiƙu a gefen gado, don haka hujjar cewa kulle bindiga na hana kare kai ta tsufa. A 2024 kotun Mishigan ta ɗaure iyayen yaron da ya kashe ɗalibai 4 a makarantar Oxford shekara 10 zuwa 15 kowannensu. Su suka sayo bindigar kwanaki kaɗan kafin abin.

To me ƙuri'ar ke sayowa? A matakin shugaban ƙasa ta sayo wani abu na gaske, wannan ba a musu. NRA ta kashe kusan dala miliyan 30 kan Donald Trump a 2016, ya naɗa alƙalan Kotun Ƙoli uku, su suka cika rinjayen Bruen. Amma shi dai Trump ɗin ne gwamnatinsa ta haramta na'urar ƙara saurin harbi a 2018, har sai da kotu ta soke haramcin a 2024, shi ne kuma ya ce a ƙwace bindiga tukuna, shari'a ta biyo baya. Rick Scott, gwamnan Fulorida a lokacin, mai A da ƙari, shi ya sa hannu a dokar Fulorida da ta ɗaga shekarun saye zuwa 21 bayan harin makarantar Parkland, NRA ta kai jihar ƙara a ranar. Ita kanta NRA mai ba da makin, wadda aka kafa a 1871 don koyar da saiti kuma ba ta rikiɗe ta zama injin siyasa ba sai bayan boren taronta na Cincinnati a 1977, kotun Niyok ta samu tsohon shugabanta Wayne LaPierre a 2024 da yin facaka da miliyoyin dalolin mambobi. Ranar da ɗan sanda ya harbe Philando Castile a motarsa a Minesota a 2016, baƙar fata mai lasisi da ya faɗa da bakinsa cewa yana ɗauke da bindiga, ƙungiyar da ta ce don irinsa take ta yi gum, sai wata 'yar sanarwa da ko sunansa babu.

Wanda zai yanke makomar mai kare kansa kuwa yana can ƙasan takardar zaɓe, inda mutane da yawa ba sa kaiwa. A yawancin jihohi zaɓen babban mai gabatar da ƙara na gunduma ake yi, haka shugaban 'yan sandan gunduma, a wasu har da alƙalai. Su ke cewa a kama ko a saki, a tuhuma ko a rufe fayil. Da aka kashe Ahmaud Arbery a Jojiya a Fabrairun 2020, sama da wata biyu ba a kama kowa ba sai da bidiyo ya fita; a Nuwamban shekarar masu zaɓe suka kayar da mai gabatar da ƙarar yankin, a 2021 jihar ta soke tsohuwar dokar da ta ba farar hula damar kama mutum. Mai zaɓen da ya damu da kare kai ya bar harafi ya duba rajistar ƙuri'un majalisa, wadda kowa ke iya gani a intanet: ɗan takarar ya goyi bayan a rubuta ƙa'idar lasisi a rage kuɗinta, ko soke horo ya yi? Me ya yi kan tura bayanan kotu ga NICS, da dokar ajiya, da kuɗin lauyoyin gwamnati masu kare talakan da aka tuhuma? Ya yi wani abu kan amincewa da lasisi tsakanin jihohi? A 2013 wata uwa mai lasisin Fensilbaniya ta tsallaka Niyu Jasi da fistol ɗinta, ta faɗa wa ɗan sandan da ya tsayar da ita da kanta, ta fuskanci ɗaurin dole na sama da shekara uku, sai afuwar gwamna a 2015 ta share mata laifin. Irin wannan gyara ne ke taɓa rayuwar mai bin doka. Sanata John Cornyn, da ya jagoranci sanatocin jam'iyyarsa ta Republican 15 suka mara wa dokar bindiga ta tarayya ta 2022 baya, wadda ta ƙara bincike kan masu saye 'yan ƙasa da shekara 21, ihu aka yi masa a taron jam'iyya a Houston.

Wannan muhawara ta iso gida, domin a Katsina da Zamfara gwamnoni sun taɓa cewa jama'a su nemi bindiga. Ƙauyen da 'yan bindiga ke shigowa kan babura da AK-47 hujjarsa ta kare kai ta fi ta kowane Ba'amurke ƙarfi, kuma sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya amince da kare rai da dukiya gwargwadon buƙata. Sai dai mallakar makami a Najeriya alfarma ce ta lasisi ƙarƙashin dokar 1959: fistol da bindigogin soja sai da izinin shugaban ƙasa, bindigar farauta sai Sufeto Janar, adaka sai kwamishinan 'yan sanda, kuma makamai na cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kansu. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce za ta raba fom 500 ga kowace daga masarautun Zamfara 19, fom 9,500 ke nan ga jihar da ke da miliyoyin mutane. Cikin 'yan kwanaki babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. A Agustan 2023 kuma Sufeto Janar ya sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai a faɗin ƙasar.